Akwati Mai Kwaɗo Uku: Abin da Matan Maradi Za Su Koya wa Masu Yaƙi da Sida

Duk ranar Alhamis bayan la'asar mu ashirin da biyar muke haɗuwa a tsakar gidan gwaggona. A shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin dogon yaro, a fito da akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku a dire shi tsakiya. A ɗakin gwaggo akwatin yake kwana, amma ba ta riƙe da makulli ko ɗaya. Makullan suna hannun mata uku, kowace gidanta daban, kuma sai su ukun sun hallara a gaban jama'a ake buɗewa. Ni ce mai rubutu, don ni ce na ɗan yi nisa a lakkal. A kira suna, kowa ta zuba nata, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Mai neman rance ta faɗi abin da za ta yi da shi, ko ƙuli-ƙuli ne ko awara ko tunkiyar kiwo. Wadda ta makara ta biya tara. Shekara tara ke nan, in ba rasuwa ko salla ba, ba mu taɓa fashi ba.

Wannan tsari a nan jihar Maradi aka haife shi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shi da wasu rukunonin mata, aka raɗa masa suna Mata Masu Dubara. Yau ana yin irinsa a ƙasashe da dama na Afirka har da Asiya, kuma da yawa cikin masu yin sa ba su san daga ƙasarmu ya fito ba. Babu mai tasowa daga Yamai don ya buɗe mana akwati. An koya wa mata, an raka su sati bayan sati har suka iya, aka janye, abu ya zauna da gindinsa.

Shekarun baya wata ƙungiya ta gayyaci mu huɗu daga cikinmu horo na kwana uku kan cutar sida. An yi mana bayani mai kyau, ban raina ba. An faɗa mana ana ɗaukarta ta saduwa ba kariya, da ta jini, da daga uwa zuwa ɗa. An faɗa mana ba a ɗaukarta ta cin tuwo kwano ɗaya, ko gaisawa, ko cizon sauro, ko buta. Ranar rufewa aka ba mu riguna masu tambari da kuɗin mota, aka ce mu koma mu wayar da kan 'yan'uwanmu. Muka koma muka yi da zuciya ɗaya. Bayan kamar sati biyu wata yarinya cikinmu, amarya mai cikin fari, ta yi mini sallama bayan isha'i. Mijinta ya daɗe a wajen bida, ya dawo da tari da rama. Ta zauna bakin gado tana murza gefen hijabinta, ta ce, "Yaya, na ji abin da kuka faɗa. In na yarda a auna ni, ina zan je? Wa zai gan ni? In kuma an samu, me za a yi mini da abin da ke cikina?"

Ba ni da amsar ko ɗaya. Kwana uku an cika mana kai da labarin cuta, amma ba a haɗa mu da mutum guda a likita wanda za mu damƙa wa mace hannu da hannu ba. Washegari na raka ta, muka tarar kayan gwaji sun ƙare, aka ce mu dawo. Na kira lambar da aka ba mu wajen horo, aka ce aikin ya zo ƙarshe, kuɗinsa na shekara ɗaya ne. Sai da wata guda ya shuɗe kafin a gwada ta a wajen awon ciki. Abin da aka samu nata ne, ba zai shiga rubutuna ba. Amma watan nan ta yi shi ido biyu, kuma mu ne muka tayar mata da hankali muka bar ta a tsakiyar hanya.

Tun daren nan nake riƙe da ra'ayin da zan faɗa. Wayar da kai ita kaɗai ba shirin rigakafi ba ce, ƙofarsa ce kawai. Duk mai son ƙungiyoyin unguwa su ɗauki aikin hana yaɗuwar sida, to ya ba su aikin da aka gwada aka ga yana ci, ya ba su shi cikakke da kayansa, ya kuma zauna da su har su iya, kamar yadda aka yi da akwatinmu.

Abin da ke ci kuwa ba ɓoyayye ba ne yanzu. Tun 1981 likitoci a Amurka suka fara ba da labarin cutar, a 1983 aka gano ƙwayarta a cibiyar Pasteur ta birnin Paris, a Nijar kuma a 1987 aka fara samun mai ita. A tsawon shekarun nan an gwada dabaru iri-iri, wasu sun ci, wasu sun faɗi. A 2011 wani babban bincike a ƙasashe tara, kan ma'aurata waɗanda ɗaya ke ɗauke da ƙwayar cutar ɗayan ba ya da ita, ya nuna cewa fara magani da wuri ya rage yaɗuwa da kashi 96 cikin 100. Binciken da ya biyo baya ya ƙara tabbatar da cewa mutumin da ke shan maganinsa kullum, har ƙwayar cutar ta kwanta awon jini ya kasa ganinta, ba ya sa wa abokin shimfiɗarsa. Maganin yau ƙwaya ɗaya ce a yini, kuma kyauta ake ba da shi a ƙasar nan. Ta wajen masu ciki, in ba a yi komai ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 kan ɗauka, ko a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono. In uwa tana kan magani, aka kuma ba jariri nasa ruwan maganin, adadin kan sauka ƙasa da 5. Wannan ita ce amsar tambayar yarinyar nan ta uku: za ta iya haifar ɗa lafiyayye, ta shayar da shi nononta. Magana mai sanyaya zuciya haka, ni da na je horo ban fito da ita a bakina ba.

Akwai kwaroron roba, wanda aikinsa ba a jayayya a kai in an sa shi daidai. Akwai maganin da marar cutar ke sha don kariya in yana cikin haɗari, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yin amfani da shi tun 2015. Akwai na gaggawa, wanda ake fara sha kafin awa 72 su cika bayan saduwa mai haɗari ko fyaɗe, a sha kwana 28. Wannan ya kamata kowace ungozoma da kowace matar mai gari a yankin Madarounfa da Guidan Roumdji ta san shi kamar sunanta, saboda abin da 'yan bindiga ke yi wa mata a bakin iyaka ba sai an faɗa ba. Akwai kuma sabuwar allurar kariya mai suna lenacapavir, sau biyu a shekara, wadda a gwajin 2024 a Afirka ta Kudu da Uganda ba a samu ko mace ɗaya da ta kamu ba cikin sama da 2,000 da aka yi wa.

Abin da ya faɗi ma darasi ne. A yankin Mwanza na Tanzaniya an ɗauki shekaru ana koyar da 'yan makaranta lafiyar jiki da hanyoyin kariya, da tsari mai kyau da malamai horarru. Da aka zo aunawa, sanin yaran ya ƙaru sosai, amma ba a ga raguwar kamuwa da cutar ba. Ilimi ya shiga kai, ya tsaya a can. Duk lokacin da na ga rahoton da ke alfahari da cewa mutum dubu kaza sun saurari faɗakarwa, Mwanza nake tunawa.

Na san abin da wasu za su ce, don an sha faɗa mini: sida nawa take a Nijar? Zazzaɓin cizon sauro da tamowa su ke kwashe mana yara duk damina. Gaskiya ne. Binciken ƙasa na 2006 ya samu mutum 7 cikin 1,000 na masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar sida, na 2012 ya samu 4, ƙiyasin baya-bayan nan kuma ya kai wajen 2. Muna cikin ƙasashen da suka fi sauƙin abin a Afirka, kuma shayin da ake yi wa kusan kowane ɗa namiji a nan ya taimaka, tunda bincike a Afirka ta Kudu da Kenya da Uganda ya nuna kaciya na rage kamuwar namiji da wajen kashi 60 cikin 100. Ragewa ce dai, ba katanga ba. Amma adadin ƙasa baki ɗaya yana rufe inda wutar take. Binciken sa ido na 2011 ya samu kusan kashi 17 cikin 100 na mata masu zaman kansu suna ɗauke da cutar. Mazan da ke zuwa wajensu kuma ba daga sama suke faɗowa ba. Maradi gari ne na hanya: manyan motoci daga Yamai zuwa Damagaram nan suke yada zango, hanyar Dan Issa ta miƙe sai Jibiya da Katsina, samarinmu kuwa da an gama girbi sai Kano, sai Agadez, sai Libiya da Aljeriya. A 2021 da zinariya ta ɓulla a yankin Dan Issa mun ga yadda dubban maza suka taru a daji, nesa da iyali, kuɗi a aljihu. A gefe guda kuma, binciken 2012 ya nuna kusan 9 cikin 10 na 'yan matan jiharmu ana aurar da su kafin shekara 18. Ga mata biyu, uku, huɗu a gida ɗaya, ga saki da sake aure ba wuya. Mutum ɗaya da bai san halin da yake ciki ba, gida nawa zai taɓa?

Ƙarancin cutar nan shi ne ma hujjata. Tunda ba ta cika gari ba, babu dalilin gina mata sabbin kwamitoci masu shugaba da ma'aji da hatimi, waɗanda ake kafawa ranar da kuɗi suka iso su watse ranar da suka ƙare. Muna da taron da ke haɗuwa ko da kuɗin waje ko babu. Ga asusun mata. Ga fada a kowane lungu, samari zagaye da butar shayi har tsakar dare. Ga ƙungiyar direbobi a tasha, ga 'yan kabu-kabu da shugabanninsu, ga wanzamai da sarkinsu, ga makarantun Islamiyya na matan aure. Waɗannan suna da ranar zama, suna da wanda in ya yi magana ake ji, suna da hanyar ladabtar da wanda ya saɓa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shugaban tasha ya san direban da ke kwana a ina fiye da duk wani mai bincike da zai zo da takardar tambayoyi.

Sai dai a nan ne ake yin kuskure na biyu, kuma ya fi na farko wuyar ganewa. In an kawo shiri daga wata ƙasa, sai a ce a daidaita shi da al'adarmu. Madalla. Amma sau da yawa daidaitawar tana nufin a zare duk abin da ke da nauyin faɗa, a bar abin da ba ya ɓata wa kowa rai. A cire gwaji don mutane na tsoro, a cire maganar kwaroro don kunya, a cire zuwa gidajen mata masu zaman kansu don kada a zage mu, sai a wayi gari abin da ya rage wasan kwaikwayo ne da waƙa. A duba akwatinmu. Wata ƙungiya Talata take zama, mu Alhamis. Wasu dala ashirin suke zubawa, wasu jika. Wasu suna raba kuɗi gab da azumi, wasu gab da shuka. Duk wannan ba ya ɓata komai. Amma ranar da aka ce mace ɗaya ta riƙe makulli uku don sauƙi, ko a daina ƙirga kuɗi a bainar jama'a don kada a kunyata wata, asusu ya mutu ko da ana ci gaba da shimfiɗa tabarma. Shirin rigakafi ma yana da nasa kwaɗuna. Harshe da wuri da lokaci da wanda zai yi magana, duk a canza su yadda suka dace da mu. Amma mutum ya san matsayinsa ta gwaji, wanda aka samu da cutar a kai shi ga magani a bi shi har ya zauna a kai, wanda ba shi da ita a ba shi abin kariya a hannu, waɗannan in an taɓa ɗaya an ɓalle akwatin. Babban aikin mai taimakon ƙungiya shi ne ya zauna da ita su rarrabe wanne ne tabarma wanne ne kwaɗo.

An yi haka a wasu wurare, kuma Musulmi ne suka yi. A Uganda, a 1992, ƙungiyar likitoci Musulmi ta ƙasar ta fara horar da limamai da mataimakansu suna bi gida-gida suna koyar da iyalai. A farko an ajiye maganar kwaroro gefe saboda malamai ba su aminta ba. Likitocin ba su yi fushi sun tafi ba, ba su kuma haƙura sun binne maganar ba. Aka ci gaba da zama da malaman har aka samu matsaya kan yadda za a koyar da shi cikin iyakar shari'a. Ni ma abin da nake roƙon malamanmu ke nan, da girmamawa. Ba wanda ya ce a halatta zina. Amma matar da ba ta taɓa taka ƙofar gida ba sai da izini, ta kamu a kan gadon aurenta, mene ne laifinta? Mijin da ya san yana da cutar, matarsa ba ta da ita, me zai kare ta da shi kafin magani ya kwantar masa da ƙwayar? Malamai sun fi ni sanin hadisin da ya hana cuta da cutarwa.

A nan gida ma mun taɓa ganin an yi wa abu riga ta gari ba tare da an zare ƙashinsa ba. Ƙungiyar Animas-Sutura ta raɗa wa kwaroronta suna Foula, wato hula, ta sa zakaran kokawa Balla Harouna a gaba, ta bi ta gidajen rediyo da wasannin kwaikwayo. Namijin da ba zai iya buɗe baki ya ambaci sunan abin a kanti ba ya samu kalmar da zai faɗa. Haka Makarantar Mazaje, da aka fara a jihar Damagaram wajen 2008 da tallafin UNFPA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan al'umma, ta zaunar da magidanta suna tattauna awon ciki da haihuwa a likita tare da ma'aikatan lafiya. Ga wuri a shirye na maganar da ta fi kowace wuya a gidajenmu, wato miji ya bi matarsa a gwada su tare. Domin yadda abin yake yanzu, mace ce ake gwadawa a wajen awo, ita ke fara sani, sai ta zama kamar ita ta kawo. Wata ta ɓoye maganin cikin buhun gero, wata ta daina karɓa gaba ɗaya don tsoron takardar saki.

Akwai dabaru biyu da nake ganin kamar don mu aka yi su. A lardin Tete na Mozambik, tun 2008, ƙungiyar likitoci ta MSF ta haɗa masu shan magani rukuni-rukuni, mutum shida ko ƙasa da haka, kowane wata mutum ɗaya cikinsu ya je asibiti a duba shi ya karɓo wa sauran. Kuɗin mota ya ragu, layi ya ragu, mutane suka daina yankewa. Duk wanda ya san adashi ya gane wannan nan take, kuma duk wanda ya san nisan wasu ƙauyukan Dakoro da Mayahi daga likita ya san amfaninsa. Ta biyu daga birnin Cape Town ta fito a 2001: uwa mai ɗauke da cutar, wadda ta haifi ɗa lafiyayye, ita ake horarwa a kuma biya ta don ta raka sabuwar mai ciki da aka samu da ita. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Da yarinyar da ta zo ɗakina ta samu mace irin wannan ta ce mata, "Ƙanwata, dubi ɗana, ga shi yana gudu," da ta yi barci a daren. Muna da ƙungiyar masu rayuwa da cutar a ƙasar nan, RENIP+, kuma su ya kamata a fara tambaya kafin a rubuta kowane shiri, a kuma biya su ladan aikinsu. Haka a unguwar Sonagachi ta birnin Kolkata a Indiya, tun 1992, mata masu zaman kansu da kansu aka ɗora a kan aikin, su ke raba kariya su ke kai 'yan'uwansu asibiti. A nan ma ba ni ce zan shiga gidan magajiya a saurare ni ba. Ta cikinsu za su ji.

Yanzu ga inda kwatancen akwati ya tsaya, kuma dole in faɗe shi don shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Ƙarfin asusu a bayyanawa yake, komai a gaban kowa. Sida kuwa rufin asiri take so. Garinmu kowa ya san kowa. In aka ga mace ta shiga wani ɗaki a likita ranar kaza, kafin ta iso gida labari ya riga ta. Har yau akwai masu kiran cutar kabari kusa, alhali mai shan magani yana tsufa ya ga jikokinsa. Saboda haka ƙungiya aikinta ta buɗe hanya, ta raka, ta biya kuɗin mota, ta kare wanda aka tsangwama. Sakamako kuwa tsakanin mutum da ma'aikacin lafiya ne, ko shugabar ƙungiya ba ta da hakkin tambaya. Nijar tana da doka tun 2007 da ta hana tona asirin mai cutar da nuna masa wariya, amma doka ba ta zama a tsakar gida, tarbiyyar ƙungiya ce ke zama. Abin gwajin kai, wanda mutum ke goga wa dasashi ya ga sakamako cikin minti 20 a ɗakinsa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2016, zai yi wa maza masu gudun layi amfani ƙwarai, muddin an gaya musu cewa in ya nuna alama sai an je likita an tabbatar. Gwaji kafin aure ma ina goyon bayansa, jihar Kano har ta mayar da shi doka a 2024. Amma in takardar sakamako za ta bi hannun waliyyai da 'yan ɗaurin aure ana miƙa wa juna, to mun koya wa mutane sayen takardar ƙarya ne kawai.

To me ƙungiya irin tamu take buƙata daga hukumar lafiya da masu tallafi? Ba abu mai tsada ba ne. Ma'aikacin lafiya ɗaya da muka san sunansa da lambarsa, wanda ya san da zamanmu. Tabbacin cewa ranar da muka kai mace akwai abin gwaji, domin wadda aka mayar sau ɗaya da wuya ta dawo, kuma mu da muka kai ta mun zubar da amanarmu. Mai rakiya da zai zo zamanmu duk wata har shekara, ya ji inda muka yi kuskure ya gyara, ba horon kwana uku a ɗakin taro mai sanyi ba. Ɗan abin hasafi na yau da kullum ga mata biyu da za su bar sana'arsu su yi rakiya. Sannan a canza abin da ake ƙirgawa. A daina tambayarmu mutum nawa suka zo taro. A tambayi likita mutum nawa aka gwada ta hanyarmu, nawa suka fara magani, nawa ke kansa bayan shekara, jarirai nawa aka gwada a sati shida. Lissafi ne ba suna, kuma mu mun saba da lissafi.

Maganar kuɗi ba a kauce mata. Kaso mai yawa na yaƙi da sida a ƙasar nan daga waje yake zuwa, musamman daga Asusun Duniya na yaƙi da sida da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, wanda aka kafa a 2002. A watan Janairun 2025 Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje, aka ga yadda ayyuka suka tsaya cak a ƙasashen Afirka da dama cikin 'yan kwanaki, kuma ma'aikatan unguwa na cikin waɗanda aka fara sallama. Magani da kayan gwaji ba abin da asusun mata zai saya ba ne, wannan nauyin gwamnati ne, kuma ya kamata ta ƙara nata kason tun kafin ranar tafiya ta zo ana fafe gora. Amma rakiya da amana da sanin wa za a kira, in an dasa su cikin taron da ba don kuɗin waje yake haɗuwa ba, ba sa tafiya da mai tallafi. Manoman jiharmu sun nuna haka da sassaben zamani tun shekarun 1980: da suka ga amfanin barin tohon itace a gona, maƙwabci ya koya daga maƙwabci har gonaki suka sake yin inuwa.

Mu dai ba mu jira ba. Ban da zubin sati, muna da ɗan asusun jinƙai da kowa ke jefa dala biyar, na haihuwa da rashin lafiya da gobara. Bayan abin da ya faru da yarinyar nan, na kawo magana a zama, ba tare da na kama suna ba, cewa a riƙa fitar da kuɗin kabu-kabu ga duk wadda za ta likita. Wata ta ce to ai sai ta faɗi abin da ke damunta, kamar yadda mai rance ke faɗin sana'arta. Aka yi ta ja. Gwaggo tana jin mu, tana tsinke zogale a faranti. Can ta ɗago ta ce da ni, "Ke 'yar nan, rubuta. Wadda ta ce za ta likita a ba ta, kada wadda ta tambaye ta." Na rubuta. Daga lokacin zuwa yanzu an fitar da kuɗin nan sau da dama, wata ta je ita kaɗai, wata ta ce in raka ta in tsaya daga waje. A littafina, gaban kowane kwanan wata, abin da ke rubuce shi ne kuɗin mota.